Bana Ba Shanu a Garin Kara

Zuwa ga mahaifiyata, Malama Hajara ta aji ɗaya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan sallama, ina gaishe ki gaisuwar da ɗiya ke yi wa uwa, da fatan Allah Ya sa kina kwance cikin rahamarSa. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Na rubuta ne don maganar ta yi mini nauyi, kuma duk wanda zan faɗa wa a nan shi ma da nasa kayan a kansa. Zan sa ta inda tsofaffin ɗalibanki za su gani, waɗanda suka watsu Funtua da Zariya da Katsina, ko wani zai tuna ya yi miki addu'a.

Inna, kaka ta zo ta wuce. Na fara garin kara kamar yadda kika ce kada a fasa, amma ban iya kai shi ƙarshe ba. Abin da nake so in gaya miki ke nan.

Ke kin san komai, amma masu leƙen wasiƙar nan ba duka suka zauna ajinki ba, don haka ki yi haƙuri in maimaita. Ke ba ki taɓa yarda yaro ɗan aji ɗaya ya wuni yana kallon allo ba. Kullum cewa kike, “Abin da hannu bai taɓa ba, kai ba ya riƙewa.” Da ruwan farko ya sauka, kowane yaro sai ya zo da gwangwanin madara, a huda gindinsa, a shuka wake, a jera a taga, kowa yana auna tsayin nasa da tsinke. Da rani kuwa kaba kike jiƙawa a tsohon baho, a tufka igiya, a saƙa mafici, duk da rabin mafitan ba sa kawo ko iskar da za ta kori ƙuda. Ni da nake ɗiyarki na fi kowa shan faɗa, don igiyata ba ta taɓa yin kauri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba.

Amma duk shekara abin da ake jira shi ne kaka. Da an gama yankan dawa, yara sai su riƙa shigowa da kara a kai, wasu damin ya fi su tsawo. Ki share bayan aji, ki zana da'ira da alli a ƙasa, ki ce nan ne garinmu. A ɓare bayan kara a yi shinge, a yanka totuwa a yi bango, a ɗebo yumɓu daga rafi a gina rumbu, a yi masa jinka da ciyawa. Kowane yaro ya gina gidansu a daidai inda yake a gari: wanda ke gabas da masallaci ya gina gabas, wanda ke kusa da rijiya ya gina kusa da rijiya. A nan muka koyi gabas da yamma, a nan muka koyi rubuta harafin farko na sunanmu a ƙofar zaure, ba mu ma san karatu muke ba.

Umarninki ɗaya ne, ba ya sakewa: “Kowa ya gina gidansu yadda ya baro shi.” Abin dariyar da wannan magana ta jawo ba ya ƙirguwa. Na tuna wanda ya gina babansa kwance a gindin darbejiya, aka tambaye shi ya ce ai kullum haka yake baro shi. Kin yi dariya har kika zauna a kan benci kina share ido da gefen mayafi, sannan kika roƙe mu kada maganar ta fita aji. Kafin la'asar duk gari ya ji.

Shanu su ne na ƙarshe. A murza yumɓu, a fitar da tozo, a soka ƙaya biyu su zama ƙaho, a shanya a inuwa kada su tsage. Ranar da za a ba da hutu sai yara su yi layi a bakin ƙofa, kowa da shanunsa a hannu, su koro su cikin gari suna kukan shanu da baki, su ɗaure su a turakun tsinke. Sai ki tsuguna ki fara: na Audu biyu, na Mairo uku, nawa ke nan? An kai ɗaya kasuwar Yankara, saura nawa? Kina cewa sai shanu sun shiga gari ya cika, in ba su shiga ba kango muka gina. Daga nan kowa ya ɗauki gidansa da shanunsa ya kai wa uwarsa.

Da ciwo ya kwantar da ke, ni na karɓi ajin. Ba ki yi mini wasiyyar gona ko ta sarƙa ba, kin san yayyena za su ji da wannan. Cewa kika yi, “Auta, kada kaka ta wuce aji ɗaya bai gina gari ba. Yaron da ya gina garinsu da hannunsa ba ya ɓace masa.” Na ce to, don a lokacin ban ga abin da zai hana ba.

Allah Ya yi miki gata, Inna, Ya ɗauke ki kafin ki ga abin da muka gani. Garinmu babu kowa yanzu. Ɓarayin daji sun fara da shanu, suka koma kan mutane, har ranar da muka fito da abin da hannu ya iya ɗauka. Ko kabarinki ba mu iya kai wa ziyara. Ina Faskari, an ba ni aji ɗaya a wata makaranta a bakin gari, kuma yawancin yaran irina ne, waɗanda aka koro. Akwai na wajen Tafoki, akwai na ƙauyukan Sabuwa, akwai waɗanda suka biyo ta Ƙanƙara. Shekarun farko ban ko gwada ba, muna ta fama da inda za a zauna. Bana na ce ko ta halin ƙaƙa sai na cika miki alkawari.

Kara ma sai da ya zama abin nema. Wa zai gaya miki haka ki yarda? Mutane sun rage shuka dawa a gonakin da ke nesa, na kusa da hanya kuma ana tsoron duhunta, sai wake da gyaɗa. Rafi kuwa ba mai tura yaro. Maƙwabciyata Hajiya Asabe ce ta ga ina zagaye kamar mai neman akuya, ta tambaye ni, na gaya mata. Ta ce, “Malama, ki cire rabin dangata ta baya, mi ya rage gare ni da za a leƙa?” Da tsohon karan dangarta muka yi, wanda rana ta gama cinyewa, yana karyewa tun ba a lanƙwasa shi ba. Laka kuma daga ramin masu bulo na roƙo.

Na share bayan aji, na zana da'irar, na tsaya inda kike tsayawa. Sai bakina ya faɗi maganarki tun kafin in yi tunani: kowa ya gina gidansu yadda ya baro shi.

Inna, sun bi umarni. Yara ba su taɓa bin maganata haka ba.

Da farko murna nake, don ajin ya yi tsit, kowa ya duƙufa. Sai na fara zagayawa. Rumbunan ba jinka. Na ɗauka mantuwa ce, na ɗebo ciyawa na rarraba, ba wanda ya taɓa. Wani yaro mai suna Sani ya fita waje ya dawo da gawayi, ya shafe bangon gidansu baƙi ƙirin, sauran suka riƙa karɓa hannu zuwa hannu. Wata ta gina shinge mai kyau, ta gama, sannan ta sa yatsa ta ture gefe ɗaya a hankali. Na ce wa Sani ya sa wa ɗakin nan rufi mana. Ya ɗago ya dube ni, ba da rashin kunya ba, ya ce, “Malama, ai ke kika ce yadda munka baro shi.”

Na fita waje na tsaya har idona ya bushe, na dawo.

Garin ma bai haɗu ba. A zamaninki kowa ya san maƙwabcinsa, in ka matsa da shingenka za a yi maka ca. Waɗannan ba garinsu ɗaya ba, ba wanda ya san wa ke gabas da wa. Na gina musu masallaci da rijiya a tsakiya don su kewaye, amma kowa sai ja da baya yake, yana neman bakin da'ira. Da na tambayi dalili suka ce na tsakiya ba ya samun fita da wuri. Haka garin ya tsaya, cikinsa fili, gidaje duk a gefe.

Duk da haka ban cire rai ba. Na ce a raina bari shanu su zo. Kuma ranar da muka yi su, wallahi na ji ajinki ya dawo. An yi dariya, an ɓata riga, an yi gardamar sa na wa ya fi tozo. Akwai wata yarinya, Ladidi, 'yar wajen Sabuwa, da kakarta ke riƙo. Tun da ta zo ban ji muryarta ba sai in an kira suna. Ita ta fi kowa iyawa. Ta yi saniya da ɗan maraƙi, ta shafa musu farin alli, ta ɗiga wa uwar baƙi a goshi. Ba tambayarta na yi ba, da kanta ta ce mini sunan saniyar Goshi, kuma ita ke kai mata dusa da safe. Ranar na koma gida da sauƙin zuciya, har na ce wa Hajiya Asabe dangarta ba ta tafi a banza ba.

Ranar hutu ta zo. Na kafa turakun tsinke, na sa su layi a bakin ƙofa, kowa da shanunsa. Na ce to, a koro su gida. Har kukan saniya na yi musu da bakina, ni da girmana, don su saki jiki.

Ba wanda ya motsa.

Na sake faɗa. Sai na ga hannaye suna komawa cikin aljihu da ƙarƙashin hijabi. Na tsuguna gaban Ladidi na ce ta fara, tunda nata sun fi kyau. Ta ƙanƙame su a ƙirji, ta girgiza kai, ta ce, “Malama, in na aje su cikin gari za a zo a kore su.”

Inna, maganar tana bakina. Saura kaɗan in ce mata ba mai taɓa su, nan makaranta ce, ina nan. Sai na tuna yadda kike hana ni: “Kada ki gaya wa yaro abin da idonsa ya riga ya ƙaryata.” Wannan yarinya a gabanta aka kwance Goshi ta gaske daga turke, babanta ya bi sawu, har yau bai dawo ba. Ni wace ce da zan yi mata alkawari? Ni ma da ƙafata na gudo. Duk layin suna kallona suna jiran abin da babba zai ce.

Ba mu yi lissafin ba. Ta yaya zan ce an kai ɗaya kasuwa, saura nawa? Sun san yadda shanu ke raguwa, kuma ba ta kasuwa ba ne. Na ce kowa ya tafi da nasa, Allah Ya kai mu bayan hutu. Na ce su ɗauki gidajensu ma su kai wa iyayensu. Ko ɗaya ba a ɗauka ba. Sani ya ce in innarsa ta gani kuka za ta yi.

Ba a ma bar mini garin ya kwana biyu ba. An zo an ce wasu iyalai sun iso daga daji, a ajina za su zauna har a dawo hutu, a share musu wuri. Da hannuna na kwashe shi. Na ajiye karan a bakin ƙofa, kafin in gama shara wata mata daga cikin baƙin ta tambaye ni ko za ta iya hura wuta da shi, 'ya'yanta ba su ci komai ba. Na ce ta ɗauka.

Kin ce yaron da ya gina garinsu da hannunsa ba ya ɓace masa. Gaskiya kika faɗa, bai ɓace musu ba, kuma abin da ke cin raina ke nan. Na yi zaton zan mayar musu da gari ne, ashe tone musu shi na yi. Ban san ko baɗi zan iya sake zana da'irar nan ba. In na ce su gina yadda suka baro, na san abin da zan gani. In na ce su gina yadda ya kamata ya zama, ƙananan da ke tasowa ba su taɓa ganin rumbu cike ba, me za su kwaikwaya? In kaka ta wuce ban gina ba, ki yafe mini, Innata. Ba mantawa na yi ba. Na gaji ne, kuma ba ni da wanda zan tambaya sai ke.

Saura abu ɗaya. Ina fita daga makaranta ranar da aka ba da hutun sai na tarar da Ladidi tana jirana a bakin hanya. Ƙahon saniyar ɗaya ya riga ya karye saboda matsi. Ta miƙo mini ɗan maraƙin ta ce, “Malama, ki riƙe mini wanga. In an kore uwar, shi ya tsira.” Na karɓa, na ce zan riƙe.

Da na isa gida na ɗora shi a kan taga, inda zan riƙa ganinsa. Na zauna, na tashi, na kasa samun natsuwa. Ƙarshe na sauko da shi, na naɗe shi a tsohon ɗankwalinki, na tura shi can ƙasan akwati, na rufe. Ni ma ban iya barinsa a fili ba, Inna.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya saka miki da alheri kan kowane ƙaramin hannu da kika riƙe kika koya wa aiki. Allah Ya dubi yaran nan da idon rahama, Ya dawo da waɗanda ake jira, Ya nuna wa Ladidi ranar da za ta ɗaure saniya a turke ta juya baya ba tare da waige ba. In ba mu da rabon gani, Allah Ya sa su su gani. Amin.

Wassalam.

Autarki mai kewarki,
Saratu, malamar aji ɗaya.