Abin da Likita Bai Yanke Ba

Litinin, 3 ga Fabrairu
Kwana goma da yi min aikin rage tumbi. Likita ya ce kitsen da ke cikin jinina zai bi ƙibar su tafi tare. Abin da ya kai ni ke nan. Baba ya faɗi a gefen motarsa yana da shekara hamsin da biyu, zuciya ta tsaya. Ni arba'in da huɗu, kuma lissafi nake koyarwa a jami'a.

Yaya bai zo asibiti ba. Saƙo ya turo: "Da iliminki ki kai kanki a yanka don kwalliya?" Ban amsa ba.

Juma'a, 14 ga Maris
Cokali biyar, na ƙoshi. Abokan aiki sun daina kirana cin abincin rana, wai kada su sa ni kwaɗayi. Mutanen kirki. Ina duba takardun ɗalibai, ina jin dariyarsu ta bango.

Talata, 6 ga Mayu
Tela ta sake rage min riguna. "Malama, haka za mu yi ta bi har ki ɓace?"

Alhamis, 7 ga Agusta
Gwajin wata shida. Mai ɗibar jini ta tambaya ko na karya. Na ce rabona da karyawa tun Janairu. Ta yi dariya tana laluben jijiya. Sai a mota na lura ita kaɗai ta riƙe hannuna a bana.

Talata, 12 ga Agusta
Kilo ashirin da bakwai sun tafi. Kitsen da ƙiba ke ƙarawa ya faɗi da rabi, kitse mai amfani, wato kolestarol mai kyau, ya hau. Mugun kuwa, mai toshe jijiya, ya ɗan gusa kamar an roƙe shi.

Likita ya ce irin nawa gado ne, aiki ba ya cire shi, in ci gaba da shan ƙwayar maganin kitse. "Kina da 'yan'uwa?"
"Ɗaya."
"Ya zo a auna shi."
"Ai siriri ne."
"Mahaifinku fa?"

Baba ko bel ya saya sai an ƙara masa huji.

Yaya shekararsa hamsin da ɗaya.

Alhamis, 14 ga Agusta
Na rubuta masa saƙo mai kyau, da lambobi da komai. Na goge. Ba ni ce na fara gabar ba.

Lahadi, 17 ga Agusta
Na kira. "Auta? Wa ya mutu?" Na ce babu tukuna, shi ya sa na kira. Ya saurara har ƙarshe, abin da ban san ya iya ba. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, shi allura ce ba ya so. Ƙato da 'ya'ya huɗu.

Gobe bakwai na safe zan biya in ɗauke shi. Na san halinsa ne kawai, in ba a tsare shi ba sai ya sha shayi ya ɓata gwajin. Ba wani abu ba.

Na dai kwashe takardun da ke kujerar gaba, na wanke motar.