Maganin Baba a Wuyan Buta

Yaya Sanusi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Ya Fatakwal da ruwanta? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan Aliero lafiya lau, sai godiya.

Gara ka ji daga bakina kafin wani ya tayar maka da hankali. Fukar Baba ta tashi ranar da anka kwashe albasa. Numfashi ya gagare shi, sai da munka kai shi asibiti Jega. Yanzu ya dawo gida, har faɗa yake yi.

Ka san abin shaƙa biyu likita ya ba shi, na kullum safe da yamma, da na lokacin da ciwon ya taso. Ashe da ya ji sauƙi sai ya ajiye na kullum. Da na tambaye shi sai ya ce, "Ke Hadiza, mai lafiya na shan magani?" Na ce, "Baba, ai shi ke riƙe maka lafiyar."

Tunda likita ya ce ya riƙa kurkure baki bayan ya shaƙa, sai na ɗinka wa maganin na kullum 'yar jaka, na rataya a wuyan butarsa. Asuba da magariba, ya shaƙa sannan ya yi alwala. Baba zai iya manta magani, amma bai taɓa manta alwala ba.

Ka sa mu a addu'a, ka gaishe min da kowa. Baba na gaishe ka, wai ka zo ka ga yadda na mayar da butarsa kemis.

Ƙanwarka,
Hadiza