Bishiya ta Takwas a Tudun Stidham

Gonar Kaka, kudancin Ohio
19 ga Afrilu, 1987

Zuwa ga Yaya Darlene,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Beth da ta gurɗe? Ni lafiyata ƙalau.

Kin ce in rubuto miki gaskiyar yadda na sami Kaka Orval. Ya rame, har ya ƙara huda biyu a bel ɗinsa. Amma bakin na nan. Tun da na sauke jaka yake kirana mai digirin itace, wai shekara huɗu na yi ana koya mini abin da kurege ya sani kyauta.

Maruƙa biyu sun mutu makon jiya. Na gan su kafin su faɗi, suna tangaɗi, jikinsu na karkarwa. Likitan dabbobi ya ce ganyen idon-barewa suka ci, bishiyar nan mai guba da ƙwallonta ke kama da idon barewa, kuma na yarda da shi, don ita ke riga ciyawa tohowa. Shingen maƙabartar danginmu na Stidham ta kan tudu ya faɗi ta gefen rafi, ta nan suka shiga.

Na hau na ƙirga. Kaburburan maza bakwai, bishiyoyin idon-barewa bakwai, kowace daidai kan mai ita. Kin tuna abin da aka faɗa mana muna yara, wai ƙwallon da namiji ke yawo da shi a aljihu saboda sanyin ƙashi, shi ake binnewa tare da shi, shi ke tsirowa. Yaya, wannan ba zai yiwu ba. Ƙwallon idon-barewa in ya bushe ya mutu. Na aljihun Kaka ya haura shekara talatin, ya yi baƙi wuluk, in an girgiza shi har ƙara yake yi.

Kuma akwai ta takwas. Tsawonta taƙi ɗaya, ganyenta biyar-biyar kamar an buɗe tafin hannu. Tana gefen kabarin matarsa Kaka Mae, a filin da babu kowa, an zagaye ta da duwatsu. Da na faɗa wa Kaka a wurin karin kumallo, bai ɗago ba. Ya ci gaba da barbaɗa gishiri a ƙwan da ba zai ci ba, ya ce kada in taɓa ta.

Ki gaida kowa.
Ƙaninki,
Curtis

24 ga Mayu, 1987

Yaya Darlene,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi Beth ta koma makaranta. Ki yi haƙuri da tsawon wannan, ba ni da wanda zan faɗa wa.

Kin ce kurege ne ya binne ƙwallon, in daina damun kaina. Ni ma haka na so. Amma kurege ba ya jera duwatsu.

Na aro mahudin da ake zaro siririn tsinke da shi daga gindin itace don a ƙirga shekarunsa. Bishiya uku na gwada, kowace na ƙirga sau uku da gilashin ƙara gani. Duka ukun sun haura shekarun da ya kamata su yi in bayan an binne mai kabarin suka tsiro, biyu da shekara ɗaya, ɗaya da shekara biyu. Na san irin wannan ƙirge yakan kuskure da shekara ɗaya ko biyu. Amma kuskure ba ya bin hanya ɗaya kullum.

Ranar Lahadi bayan coci na kai maƙwabciyarmu Iya Opal gida, ta hana ni tafiya sai na ci wake da burodin masara. Na tambaye ta zancen bishiyoyin. Sai ta hau zancen tumatirinta, ta ce ni ma na rame, ko a jami'a takarda ake ci. Da na nace, ta ɗauko kwalin hotuna ta zaro guda ta ajiye mini, ta koma wanke kwano.

Hoton jana'izar Baba ne, Yuni 1974. Ga ki nan da farar riga, ga ni ina riƙe da hannunki. Ramin a buɗe yake, ba a ko saukar da akwatin ba. A bakin ramin, kusa da takalmin fasto, ga tsiro mai ganye biyar, an zagaye shi da duwatsu, masu haƙa sun kauce masa.

Ƙwallon sai ya kwana a sanyin ƙasa wata uku zuwa huɗu kafin ya tsiro. Ke nan an shuka shi tun lokacin kaka na 1973, lokacin da Baba ke zuwa ramin kwal kullum, yana tari yana ce mana na mura ne.

Na gyara shingen, shanu sun daina shiga. Rabin tudun yanzu farin fure ne mai ruwan ɗorawa, in iska ta kaɗo warin ganyen har baranda. Kaka yakan zauna nan da yamma yana kallon sama, hannunsa a aljihu.

Naki,
Curtis

9 ga Agusta, 1987

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Ina fata wannan ta same ku lafiya.

Jiya da hantsi na ɗauki shebur na hau tudun. Na san babu wata alaƙa tsakanin tsiro da ran mutum, na san haka sarai. Duk da haka na ƙudura sai na tumɓuke 'yar bishiyar nan ta takwas. Na ce ko don Kaka ya sake cin abinci.

Na same shi a can. Ban san yadda ya hau ba, mutumin da matakalar baranda ke sa shi haki. Yana zaune kan dutsen kabarin Kaka Mae da bokitin ruwa. Ya dubi shebur ɗin ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Tona mana, mai digiri. Uku na shuka, don na san halin kurege. Ka nemo sauran biyun in ka isa."

Na tambaye shi yaushe. Ya ce Oktoban bara, ranar da ya dawo daga asibitin gari da hoton ƙirjinsa. Ya ce haka ubansa ya yi, haka Baba ya yi. Namijin gidan nan in ya ji abin a jikinsa ba ya tara mutane ya sa su kuka, sai ya tsinci ɗanyen ƙwallo ya hau tudu. Wanda ke da ido zai gani. Zancen ƙwallon aljihu kuwa don yara aka ƙirƙira shi. Ya ce a iya saninsa babu wanda ya ga tsironsa ya kuma kai ga ganin zubar 'ya'yan idon-barewa na wannan shekarar.

Na ce masa wannan ba hujja ba ce, mutum bakwai ba su isa a kafa doka a kansu ba, kuma akwai magungunan da babu su a zamanin Baba. Ya bar ni na gama tsaf. Sannan ya miƙo mini bokitin, ya ce hannunsa ya gaji, in zuba a hankali kada in kwantar da ita.

Na zuba, Yaya. Da shebur ɗin a ɗaya hannun.

Ya yarda in kai shi asibiti ranar Alhamis, wai don in bar shi ya huta da wa'azi. Ban san abin da za su ce ba, kuma ba zan rubuta miki abin da ban tabbatar ba. Abin da na tabbatar shi ne wannan: ganyen manyan bakwai ɗin ya fara ja yana zuba, kamar yadda sukan riga kowace bishiya, kuma na duba 'ya'yansu da safiyar nan, ɓawonsu bai fara tsagewa ba. A lissafina saura mako biyar, ko shida, su zuba.

Kada ki jira hutun Nuwamba. Ki taho da yaran. Ya ce kada in gaya miki, amma da na zauna rubutu shi ya miƙo mini kan sarkin da zan liƙa a ambulan.

Ƙaninki,
Curtis