Saitin Kanel da Albasar Kawu

Daren Talata, Kalgo

Yau ma famfon ban-ruwan albasar Kawu Bello na Diggi bai tashi ba. Ƙaramar kwamfutar da na haɗa masa don ta riƙa kunna famfon ce ta mutu a hannuna. Na sabunta kanel ɗinta, wato zuciyar manhajar, da saitin da masu ita suka tsara wa kowa, ashe sun cire sashen da ke gane irin na'urarmu. Tun shekaranjiya na rubuta musu ina roƙon su mayar da shi.

Da la'asar Kawu ya kira. "Ɗiyata, albasa ta fara kwantawa. Mi ya faru?"

"Kawu, ka yi haƙuri, gobe ina tafe."

"Ba komai, ni da innarki muna ja da guga."

Na mayar da sashen da hannuna, na sake haɗa kanel ɗin, ana tsakiyar aiki aka ɗauke wuta. Ina zaune cikin duhu amsar masu kanel ɗin ta shigo wayata daga can ƙasarsu: na'urar ta tsufa, babu mai amfani da ita.

Ashe Kawu ba kowa ba ne. Gobe sai in san da wane baki zan faɗa masa.