Bayana Ya Taɓa Ƙasa

Assalamu alaikum, Yaya.

Ya Inna da ciwon ƙafarta? Ya Anti da yara? Ka ce wa Auta ban manta da rigar ƙwallonsa ba.

Ni lafiyata ƙalau. In an turo maka wani bidiyo, kar Inna ta gani. Waya ce ta ƙara wa idona kumburi.

Yaya, damben da ka koya min bai ishe ni a gasar faɗan da ake yi a nan ƙasar waje ba. Ranar Asabar wani gajere ya sunkuya ya kwashe min ƙafafu. Da bayana ya taɓa ƙasa sai na saki jiki, ina jiran alƙali ya raba mu yadda muka saba. Ashe a nan sai an faɗi ake fara faɗan. Ya hau ruwan cikina ya yi ta jibgata, ni kuwa ina ta kallon alƙali kamar sakarai.

Koci ya ce daga Litinin in ƙara koyon ɗaya, ko wasan shuri ko kokawar kwance, in ba haka ba ya sallame ni, takardar zamana ma ta bi ruwa. Shurin ya fi kama da abin da na iya, amma ba rashinsa ya kashe ni ba.

Kai ka ce min namiji ba ya faɗa a kwance, na riƙe maganar kamar karatu. Jiya na je har bakin ɗakin kokawar, na kasa cire takalmi.

Allah ya ƙara girma. Don Allah ka amsa kafin Litinin, ko da kalma ɗaya ce: kwanta.

Ƙaninka.