Ba a Tona Tsakar Gidanga

Gummi, 4 ga wata

Yaya Turai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ki gaida min Inna da ƙafarta. Tunda waya ba ta shiga Bagega, ga takarda ta hannun direba.

Albishirinki! Sunana ya fito cikin masu jarrabawar ma'aikatan ban ruwa, saura sati uku. Lissafin ƙarfin famfo har cikin cin tuwo nake yin shi, abokan ɗakina sun gaji da ni. Abin da ya rage gwajin aiki ne: kowa ya haɗa ban ruwa na ɗigo da hannunshi, malami ya zo ya duba. Ni tsakar gidanmu na zaɓa! Tanki bisa dakali, rami kamu ɗaya, a binne bututu yadda littafi ya ce. Kafin ki ankara kina tsinkar tumatir daga bakin murhu. Don Allah a aro min diga.

Ƙanenki mai shirin zama injiniya,
Saminu

Bagega, 8 ga wata

Saminu,

Wa alaikumus salam. Inna ta yi murna har da guɗa, ni ma na yi.

Amma diga ba za ta taɓa gidanga ba. Ƙasar da muke takawa kawo ta aka yi bayan an kwashe mai gubar dalma, kuma ban san mi ke ƙarƙashinta ba. Duwatsun zinariyar da ka riƙa kawowa, a nan muka daka su, ƙurarsu ta kashe min ɗiyata Humaira tana shekara biyu. Ka sani, amma ban taɓa faɗa maka da bakina ba, yau na faɗa. Yanzu wasu yaran ke rarrafe a wurin.

Allah ya ba ka sa'a, amma nemi wani fili.

Yayarka,
Turai

Gummi, 12 ga wata

Yaya,

Gaisuwa da ban girma. Na karanta, na yi kuka. Ban manta ba. Saboda Humaira na bar haƙar zinariya, saboda ita nake son ganin tsiro a gidan nan.

An riga an rubuta Bagega a fom, ba a canzawa. Amma ji dabara! Buhu ashirin, in cika su da ƙasar fadamar Gummi, in jera bisa bulo, bututu ya bi ta sama. Ko farce ba zai shiga ƙasa ba. Na gwada da buhu uku, ruwa na ɗiga daidai, har na yi tsalle! Sai dai binne bututu maki ashirin ne, rashinsu na iya kada ni. Na yarda in faɗi.

In kin ce a'a, na haƙura da bana.

Naki,
Saminu

Bagega, 15 ga wata

Saminu,

Lafiya lau muke. Ka taho ran Laraba, na wanke buhuna na shanya. In malamin ya tambayi dalilin rashin binne bututu, ni zan ba shi amsa.

Buhun farko ka ajiye shi gindin bangon gabas, nan Humaira ta saba zama. Ni zan buɗe famfon.

Allah ya kawo ka lafiya.

Turai