Sabar ofis ta karɓi Kaduna

Ikilima,

Na fita kafin ki taso daga asibiti, kada in rasa motar Abuja.

Jiya sabar ofis, kwamfutar da kowa ke ɗaukar fayil a cikinta, ta ƙi karɓar reshenmu na Kaduna, don ta ƙofa ɗaya take sauraro. Oga ya ce in na kasa zai ɗauko wani daga Legas. Bayan la'asar na saita mata ƙofa ta biyu, suka shigo lafiya. Na waiwaya in gaya wa wani, ashe kowa ya tashi. Na iso gida, ke ma kin tafi aiki.

Don Allah ki rubuta min ko layi ɗaya a bayan takardar nan, in dawo in tarar.

Nu'uman